Idan gindin fuksiya ya ruɓe: yadda masu bonsai ke ceto iccensu

Bonsai sana'a ce ta mutanen Japon, wadda suka samo daga ƙasar Sin: a dasa icce cikin ɗan kasko, a riƙa datse rassansa da saiwoyinsa, har ya tsufa bai wuce kamu biyu ba. Daga cikin itatuwan da masu wannan sana'a ke reno a Turai akwai fuksiya, mai fure ja da shuɗi yana reto kamar ƴan kunne. Asalinta yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Wani limamin kirista Bafaranshe, Charles Plumier, shi ya fara bayaninta a 1703, ya raɗa mata suna don tunawa da masanin tsirrai na Jamus, Leonhart Fuchs.

Aibinta ɗaya: iccenta laushi gare shi. Inda aka sare reshe, ko inda gindi ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, nan ruwa ke kwanciya, fumfuna ta shiga. Mutum ya yi shekara 10 yana jiran gindi ya yi kauri, rana ɗaya ya danna da yatsa ya ji ya lotsa.

Da yawa nan suke yanke ƙauna, alhali ba su da hujja. Ran icce ba a tsakiyarsa yake ba. Yana cikin siririn sashen da ke ƙarƙashin ɓawo. Duk wanda ya ga tsohuwar kuka mai kogo tana fidda ganye kowace damina ya san haka. Shi ya sa gwanaye ke fara kankare ɓawo kaɗan da farce: in an ga kore daga saiwa har zuwa rassa, akwai sauran rai.

Daga nan sai aikin wuƙa, wadda aka goge da alkol. A ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin duka har a iske icce mai tauri, ba tare da an taɓa ɓawo mai rai ba, kuma a gyara ramin yadda ruwa ba zai tsaya ciki ba. A bar shi ya bushe sarai. Babban kuskure shi ne toshe ramin da ƙaro ko siminti tun yana da laima, don kuwa an rufe fumfuna ke nan cikin ɗakin da take so. Bayan ya bushe ne ake shafa haɗin farar wuta da farar ƙasa, wanda ke kashe fumfuna, wasu kuma su bi da ruwan ƙaro mai taurara icce. Kada ko ɗigo ya sauka kan saiwoyi.

Amma duk wannan banza ne in ba a duba kaskon ba. Saiwar da ta yi baƙi ta yi yauƙi sai a yanke ta, a sake ƙasa da mai tsakuwa wadda ruwa ke wucewa, a daina ban ruwa sai samanta ya soma bushewa.

Masu hangen nesa, tun kafin su ɗauki wuƙa, sukan yanki ƙananan rassa biyu ko uku su dasa daban, don reshen fuksiya kan yi saiwa cikin ƴan makonni. Ɗan kasuwar da ya gan ta a Faransa ya yi sha'awar kawo ta gida kuwa, ya sani tsiro ne na wuri mai sanyi da laima: zafin bazarar Maraɗi ko Damagaram zai kashe ta tun ruɓa ba ta samu shiga ba.