Daga Motar Kara Zuwa Motar Rimot: Makarantar Kanikanci A Tafin Hannu

Daga Wakilinmu a Sakkwato

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a birnin Sakkwato, ko a Ƙofar Atiku ne, ko Mabera, ko Runjin Sambo, da wuya a ce bai taɓa tuƙa motar kara ba. Da zarar an girbe dawa, yara kan tsinto kara, su ɓare sili, su yayyanka ɓargon, su harhaɗa akori-kura mai tayoyin sakaina ko na tsohon silifa. Wanda ya ɗan tasa sai ya koma motar langa-langa ko ta gwangwanin madara, mai dogon sitiyarin waya wanda direba ke riƙewa yana biye da ita a ƙasa. In taya ta fita, mai ita ne makanikinta, domin shi ya ƙera ta.

A yau motocin roba masu rimot sun cika shaguna, musamman da Sallah ta gabato. Ma'aikaci ya ciri wani abu daga albashinsa ya sayo wa ɗansa, bayan mako ɗaya yashi ya shiga giya, motar ta tsaya cik, a wurga ta bayan ɗaki. Kuɗi sun tafi, yaro kuma bai koyi kome ba sai danna maɓalli. To, akwai mota iri na uku wadda ta haɗa amfanin biyun, watau ƙaramar motar shiga daji mai rimot wadda ake sayarwa a warwatse cikin kwali, mai saye ya haɗa ta da hannunsa, ya riƙa canza mata kaya sannu a hankali. Ita ce ya kamata iyaye da malamai da ɗalibai su sani.

Asalin Abin

Sarrafa na'ura daga nesa da igiyar rediyo ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a wani ɗan jirgin ruwa da yake juyawa da rediyo a birnin Niyok na ƙasar Amurka. Amma kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a ƙasar Japan shi ya fi kowa yaɗa irin waɗannan motoci na haɗawa. Ya fitar da ta farko a 1976, sa'an nan a 1979 ya kawo motocin yashi, a 1981 kuma ya fito da ƙaramar Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu da giya uku, kwatankwacin wadda muka saba gani a hanyoyin ƙauyukanmu. A 1985 aka yi gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motocin daji masu batir a Kalifoniya. Daga bisani kamfanonin Amurka irin su Traxxas da Axial suka shigo fagen.

Galibinsu ana ƙera su ne a ma'aunin kashi ɗaya bisa goma, watau motar da tsawonta ya kai mita 5 sai ta dawo santimita 50. Duk da ƙanƙantarta, tana da shasi, da aksul, da farfela, da shokazoba, da giya, kamar babbar mota. Mai tuƙi yana riƙe da rimot, a cikin motar kuma akwai na'urar karɓar saƙo, da ɗan injin da ke juya sitiyari, da wata na'ura mai auna wutar da ke zuwa inji daga batir, wadda ita ce a matsayin totur. A da, da zangon megahaz 27 ake aiki, in mutum biyu suka haɗu a zango ɗaya sai rimot ɗin wannan ya kwashi motar wancan. Tun daga wajejen 2004 aka koma gigahaz 2.4, inda kowane rimot ke ƙulla zumunci da motarsa kaɗai.

Gyaran Da Ya Dace Da Ƙasarmu

Sabon shiga yakan yi ɗokin sayen inji mai gudu tun ranar farko. Wannan kuskure ne mai cin kuɗi, balle a Sakkwato, inda zafin watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta rufe gari tun daga Nuwamba har Fabrairu. A nan zafi da ƙura su ne abokan gabar ƙaramar mota, saboda haka da su za a fara.

Abu na farko shi ne boris. Yawancin motoci masu araha da bushin na roba suke zuwa, wanda yashi ke cinyewa har taya ta soma rawa. In aka musanya shi da boris mai murfin roba, taya za ta juya salin-alin, batir ya ƙara daɗewa. Na biyu shi ne shokazoba mai mai a ciki, domin sifirin kaɗai tsalle yake sa mota, man shi ke kwantar da ita a kan gargada. Na uku taya. Tudun marmara yana son taya mai laushi wadda ke kama dutse, rairayi kuwa irin na bakin Gulbin Rima da rani yana son mai faɗi wadda ba ta nutsewa.

Na huɗu shi ne lissafin giya, kuma a nan ɗalibi zai ga amfanin darasin da yake gudu a aji. A bakin inji akwai ƙaramar giya wadda ke juya babba. In ƙaramar tana da haƙora 18, babbar tana da 90, sai inji ya juya sau 5 kafin babbar ta juya sau ɗaya. In aka sa mai haƙora 15, lissafin ya koma sau 6: gudu ya ragu, ƙarfin ja ya ƙaru, inji kuma ya rage ɗaukar zafi. Tun da yake rairayi yana wahalar da inji, ƙaramar giya ita ce ta dace da mu. Masu abin suna da wani gwaji mai sauƙi: in ka ɗora yatsa a kan inji bayan tuƙi ka kāsa barinsa na 'yan daƙiƙoƙi, to zafi ya yi yawa, a huta, a rage giya.

Sai bayan waɗannan ne za a yi maganar sabon inji. Tsohon samfuri yana da burushin gawayi mai gogar cikinsa, da tagogin shan iska waɗanda ƙura ke bi ta shiga. Sabon samfuri ba shi da burushi, ya fi ƙarfi da ƙarko, amma sai an haɗa shi da na'urar auna wuta irin tasa, kuma ƙarfinsa na iya kakkarya giyar roba in ba a shirya masa ba.

Batir ma yana da nasa sharaɗi. Tsohon batir na nikel mai ɗiya shida yana ba da bolt 7.2, yana da nauyi amma yana da haƙuri. Na litiyam, wanda ake kira LiPo, kowace ɗiya tana ba da bolt 3.7, biyu su ba da 7.4, ga rashin nauyi ga ƙarfi, sai dai ba ya yafe ganganci. Ba a bari ɗiya ta sauka ƙasa da bolt 3, ba a cika ta fiye da 4.2, ba a caji sai da cajarsa ta musamman kuma a gaban babba, ba a barinsa a rana ko cikin motar da aka rufe. Wanda ya kumbura ko ya huje na iya kamawa da wuta. Haka nan kuma kada a lafta giris a giyar da ke fili, domin giris da yashi in sun gauraya sun zama dutsen niƙa. Buroshin fenti busasshe ya isa share ƙura bayan kowane tuƙi.

Tuƙi

Darasin farko da ke rikita kowa shi ne idan mota ta juyo tana fuskantarka, damarta ta zama hagunka. Maganinsa a dasa gwangwani biyu a fili, a yi ta zagaya su a hankali har hannu ya saba. A sassauta totur kafin kwana, a ƙara bayan an fita. A cikin rairayi a riƙe gudu daidai wa daida, domin wanda ya danna totur gaba ɗaya rami kawai zai haƙa wa kansa. Tudu kuwa miƙe ake hawansa, sannu a hankali, in an karkace mota ta wuntsila. Shi ya sa ake ɗaure batir can ƙasa-ƙasa a shasi. In mota ta yi tsalle, totur yana ɗaga gabanta a iska, birki kuma yana sunkuyar da shi. Fili ake nema nesa da titi, da masallaci, da garken dabbobi, da ƙananan yara.

Abin Da Ke Ciki Ban Da Wasa

Mai yiwuwa wani ya ce wannan wasan 'ya'yan masu hali ne. Gaskiya ne daga waje ake shigo da kayan, kuma da kuɗin waje ake biya. Amma mota ɗaya tana isar ɗalibai ashirin su kwance ta su ɗaura, kuma masu gyaran waya da rediyo na garin nan sun iya aikin dalma da duk wayoyinta ke bukata.

Sakkwatawa kuwa ba sa bukatar a je nesa neman misali. Jelani Aliyu ya yi karatu a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya yi ilmin zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, sa'an nan a 1990 ya tafi birnin Ditroit koyon zanen motoci da tallafin karatu na Jihar Sakkwato. Ya kama aiki da kamfanin General Motors a 1994, kuma shi ya zana surar motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki wadda aka nuna wa duniya a 2007. Ya shugabanci hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, a zamaninsa ne kuma, a 2021, aka buɗe tashar cajin motocin lantarki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Batir na litiyam, da inji marar burushi, da na'urar auna wuta, waɗanda ke cikin ƙaramar motar rimot, su ne dai ginshiƙan motar lantarkin da ake caji a wannan tasha, girma kawai ya bambanta.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ilmi na jiha, da kwalejojin fasaha na Farfaru da Runjin Sambo, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da su duba yiwuwar kafa ƙungiyoyin ɗalibai masu haɗa irin waɗannan motoci, a riƙa shirya musu gasa tsakanin makarantu. Iyaye kuma, in kuɗin motar kwali ba su samu ba, kada a hana yaro karansa da gwangwaninsa, kada kuma a dake shi don ya kwance motar Sallarsa yana neman abin da ke juya ta. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.