Kowace Fuska Da Man Da Ya Dace Da Ita

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, da zarar hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, fuskoki a layin taron safe sukan kasu biyu. Wasu sun yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka, wasu kuma suna ƙyallin maiƙo tun kafin a shiga aji. Sau da yawa kuwa mai ɗaya suka shafa, domin a ɗakin kwana kwalba ɗaya takan zagaye mutum biyar. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani, kuma haka abin yake a wajen man fuska. Wannan bayani ba na 'yan mata kaɗai ba ne, domin iskar hunturu ba ta tambayar namiji ko mace.

Mene ne aikin man shafawa?

Saman fatarmu kamar katangar tubali yake. Ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani siririn kitse da jiki ke yi kuma shi ne yaɓen da ke riƙe su. Muddin katangar nan tana da kyau, ruwan da ke cikin fata ba ya saurin fita, ƙura da ƙwayoyin cuta kuma ba sa samun hanyar shiga. Idan iska ta bushe, ko aka yawaita wanke fuska da sabulu mai ƙarfi, sai yaɓen ya zaizaye, fata ta yi gautsi, ta fara tsagewa da ƙaiƙayi.

Aikin mai shi ne gyara wannan katanga, kuma abubuwan da ke cikinsa iri uku ne. Akwai masu jawo ruwa zuwa fata, kamar gilisarin. Akwai masu cike tsaga su laushe fata, kamar man kaɗe. Akwai kuma masu rufe sama su hana ruwa fita, kamar basilin. Bambancin wannan mai da wancan shi ne yawan kowanne a cikinsa. Abin lura a nan: canza launin fata ba ya cikin aikin man shafawa.

Yadda za ku gane irin fatarku

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ku wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ku tsane ta, kada ku shafa komai. Bayan awa ɗaya, ku ɗauki farar takarda mai laushi ku danna a goshi, da hanci, da kumatu.

Idan takardar ta fito fes, fuskar kuma tana ɗaurewa, fatarku busasshiya ce. Idan maiƙo ya fito daga ko'ina, fatarku mai maiƙo ce. Idan goshi da hanci ne kawai suka ba da maiƙo, kumatu kuwa a bushe, to taku gauraye ce. Akwai kuma fata marar juriya, wadda ke yin zafi, ko ja, ko ƙaiƙayi da zarar an shafa mata sabon abu. Wanda bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, tasa matsakaiciya ce, kuma duk mai marar nauyi zai karɓe shi.

Busasshiyar fata

Wannan fata tana son mai mai kauri. Man kaɗe na asali, wanda iyayenmu suka daɗe suna amfani da shi, yana yi mata aiki sosai, haka ma basilin. Amma lokacin shafawa ya fi yawan man muhimmanci. Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, tsare wanda ke nan kawai yake yi. Shi ya sa wanda ya shafa shi a busasshiyar fuska yakan yi ƙyalli na ɗan lokaci, sannan ya koma fari. A shafa mai bayan wanka, tun fuska tana da ɗan danshi. Mai yawan wanke fuska a yini, kamar wajen alwala, zai iya ƙara ɗan kaɗan da rana idan ya ji ta ɗaure.

Fata mai maiƙo da ƙuraje

Yawancinmu a nan muke. A shekarun balaga jiki yakan ƙara yawan maiƙon da yake fitarwa. Idan maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata, sai ya toshe ƙananan ƙofofin gashi, ƙuraje su fito. Ba ƙazanta ce ke kawo su ba, don haka dirje fuska da soso ba ya maganinsu, sai ma ya ƙara fusata su.

Mai irin wannan fata ya nemi mai mai ruwa-ruwa wanda ke shigewa nan da nan. Ya guji man kwakwa da man gashi a fuskarsa, domin suna iya toshe ƙofofin. Kada kuma ya ce tunda yana da maiƙo ba ya buƙatar komai: maiƙo daban, danshi daban. Wanke fuska da sabulu sau biyu a rana ya isa. Matse ƙurji kuma shi ke barin baƙin tabon da kan yi watanni bai ɓace ba, musamman a baƙar fata. Idan ƙurajen manya ne masu ciwo, wannan aikin asibiti ne.

Fata gauraye da marar juriya

Mai fata gauraye ya shafa marar nauyi a duk fuska, sannan ya ƙara ɗan mai kauri a kumatu kawai. Marar juriya kuwa babban abokin gabarta turare ne, domin ƙamshin da ake sa wa mai yana cikin abubuwan da suka fi jawo ƙaiƙayi. A zaɓi marar ƙamshi, wanda jerin kayan haɗinsa gajere ne. Kafin sabon mai ya hau fuska, a shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin hannu, a jira kwana biyu. Idan wurin ya yi zafi ko ya kumbura, a haƙura da shi.

Ku tuna kuma cewa yanayi yana canza buƙata. Man da ya ceci fuska a watan Janairu zai iya yi mata nauyi a zafin Afrilu, lokacin da gumi ya yi yawa.

Batun rana

Sinadarin melanin, wanda ke ba fatarmu launinta, yana kare ta daga hasken rana, amma ba gaba ɗaya ba. Rana tana ƙara wa tabon ƙuraje duhu. Wanda ya samu hali ya nemi man da aka rubuta SPF 30 a jikinsa. Ga 'yan uwanmu zabiya wannan ya zama dole, tare da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, domin rana na iya jawo musu cutar daji ta fata.

Man da ya kamata a guje wa

A nan ne haɗari ya fi yawa. Ana sayar da mayukan bilicin da sunaye masu daɗi, a ce na goge tabo ne ko na haska fata. Da yawansu suna ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa uku. Na farko sinadarin da za ku gani a jikin kwali an rubuta Hydroquinone, wanda idan aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo mai wuyar magani. Ƙasar Ghana ta hana shigo da kayan kwalliya masu ɗauke da shi tun 2016. Na biyu magungunan sitiroyid, waɗanda likita ke rubutawa don wata cutar fata na ɗan gajeren lokaci. Idan aka mayar da su man yau da kullum, fata takan yi sirara, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, makero kuma ya bazu. Na uku zaiba, wadda ke ratsa fata ta shiga jini ta lalata ƙoda da jijiyoyin jiki. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya da ke buƙatar ɗaukin gaggawa a Najeriya.

Mafi haɗari shi ne man haɗi, wanda ake zubawa a robar da ba suna ba lamba. Wanda bai san abin da ke ciki ba, ba zai iya gaya wa likita abin da ya ƙona shi ba.

Kafin ku biya kuɗi

Ku duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da man zai lalace. Ku karanta jerin kayan haɗin: abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. A wasu kwalabe akwai hoton buɗaɗɗen gwangwani da rubutu kamar 12M, ma'ana a yi amfani da shi cikin wata 12 bayan buɗewa. Idan warinsa ko launinsa ya canza, a zubar. Kada kuma hannu da yawa su riƙa shiga kwalba ɗaya, don ta haka cutar fata ke yawo a ɗakin kwana.

Tsada ba ita ce inganci ba, kuma mai ɗaya da ya karɓi mutum ya fi guda biyar da ake gwadawa. A ba sabon mai aƙalla wata ɗaya kafin a yanke masa hukunci. Alamar mai nagari ita ce fuska ta yi laushi, ta daina ƙaiƙayi da gautsi, launinta kuma yana nan yadda yake. Wanda ya ga wani canji da bai gane ba, ya je ɗakin shan magani na makaranta ko ya sanar da iyayensa, kada ya tsaya neman shawarar mai shago.