Kafin Ka Sayi Maganin Feshi, Juya Ganyen Ka Duba

A ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan, idan tsutsa ta faɗa wa gona, inda manomi yake fara nufa shi ne shagon mai maganin feshi. Zai kwatanta abin da ya gani, mai shago ya miƙo kwalba ya ce murfi kaza a famfo ɗaya, in bai yi ba a ƙara. Mai shagon bai taka gonar ba, kuma abincinsa yana cikin yawan kwalaben da ya sayar. Ba laifinsa nake gani ba, kasuwa yake ci. Sai dai ranar da ɗan kasuwa ya zama shi kaɗai ne malamin gona, manomi ne zai biya kuɗin makarantar, da tsada kuwa.

Masu lambu a wannan yanki ba za su manta 2016 ba. A shekarar ce tsutsar da ake kira Sharon ta cinye tumatir tun daga Kano har Kaduna, kamfanin Dangote na Kadawa ya tsaya don rashin abin sarrafawa, gwamnatin Kaduna kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a watan Mayu. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifen a 2006, daga can ya gangaro Afirka. Manoma sun yi feshi har suka gaji, wasu safe da yamma, gona tana ƙonewa a kan idonsu.

Da an samu wanda zai tsuguna da su a bakin fadama ya tsinko ganye ɗaya, da sun ga dalili. Ɗaga ganyen ka kalli rana ta cikinsa. Za ka ga wani farin tabo mai shara-shara, a cikinsa akwai 'yar tsutsa da baƙin kashinta. Tana zaune ne tsakanin fatar sama da fatar ƙasa ta ganyen, don haka maganin da ke kashewa sai ya taɓa jiki ba ya isa gare ta. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, da dare take yawo, kuma guda ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200. Lokacin zafi, cikin wata ɗaya ko ƙasa da haka ƙwan ya zama uwa. Wasu tsutsotsin ƙasa suke sauka su kwanta kafin su yi fiffike, shi ya sa wanda ya bar tsohon karan tumatir a lambu ya ajiye wa kansa iri na baɗi. Wani abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: kwalabe uku masu suna daban suna iya zama sinadari ɗaya. Ka yi ta canza suna kana zuba abu guda, ƙwaron ya saba, ya daina ji. Sunan sinadarin yana rubuce da ƙananan baƙaƙe a jikin kwalba, shi ake dubawa, ba hoton da ke gaba ba.

Wannan ilimi ba ya shiga ta rediyo yadda yake shiga ta hannu. Ƙasar Indonesiya ta gane haka bayan da feshin ganganci ya kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cin maƙiyan shinkafa, annoba ta ƙara ƙarfi. A 1986 gwamnati ta hana amfani da magunguna 57 a gonar shinkafa, a 1989 kuma aka fara makarantar manoma a cikin gona tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutum kamar 25 suke haɗuwa sau ɗaya a mako, tun daga shuka har girbi. Ba allo ba benci. Su shiga gona su ƙirga ƙwari, su ware mai ɓarna da mai taimako, sannan su zauna su yanke ko a yi feshi ko a bari.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ce maka ya yi "shukar Sasakawa" yana ba ka tarihin shirin da ya shigo Kano da Kaduna a 1992, wanda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da masanin iri Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka kafa. Dabararsu ita ce gonar gwaji a cikin gonar manomi, shi da kansa yake aikin. Santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami, wato tushe kusan 53,000 a hekta. Taki kuma a tona gefen shuka a binne, ba a watsa ba, domin yuriya in ta kwanta a saman ƙasa cikin zafi wani kasonta iska yake bi, ruwan sama ya kwashi saura. Maƙwabta suka wuce suka ga zangarniya, ba wanda ya roƙe su kafin su kwaikwaya. Gani ya kori ji. Haka aka yi da buhun PICS mai riɓi uku tun daga 2007: a ɗaure wake a gaban jama'a ba magani, bayan watanni a kwance a gabansu.

Abin takaici, ilimin yana kusa da mu. Samaru, inda aka fara binciken noma tun 1922, tana nan Zariya, cibiyar IAR da ke fitar da irin masara na SAMMAZ da cibiyar NAERLS ta malaman gona duk a wuri ɗaya. Hukumar bunƙasa noma ta jihar Kaduna tana da ofishin shiyya a Maigana. Babban Gona, da Kola Masha ya kafa a 2012, yana horar da manoma cikin ƙananan ƙungiyoyi tare da ba da iri da taki bashi. Mai shiga ya tabbata an karanta masa sharuɗɗan biya tun kafin ya sa hannu. Malaman gona na gwamnati dai sun yi kaɗan ƙwarai, mai jiran su zo ƙofar gonarsa zai daɗe. Amma mutum goma da suka haɗa kai suka aika wakili sun fi samun a saurare su.

Kafin malamin ya zo ma akwai abin yi. Ku ware kunya goma a gonar ɗayanku ku gwada sabon iri ko sabuwar tazara, kusa da kunya goma da aka yi yadda aka saba. Abu ɗaya za a canza a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. A sa yaro ɗan makaranta ya riƙa rubuta ranar shuka da mudun takin da aka zuba, a auna amfanin kowane ɓangare daban. Kowane mako a zaga da sassafe. A masara a leƙa cikin kan tsiron, inda wata tsutsa daban, wadda ta shigo ƙasar nan a 2016, take ɓuya tana barin kashi kamar garin katako; tun tana ƙarama ake cin ƙarfinta. A tumatir a juya ganye, wanda ya kamu a tsinke a binne. Kada a maimaita tumatir ko gauta ko dankalin Turawa a wuri ɗaya, dukkansu abincin Sharon ne. In feshin ya zama dole, a yi da yamma, a rufe hanci da jiki, a ba iska baya, kuma a kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka, domin kwandon da aka fesa jiya aka kai kasuwa yau miyar gidan wani zai shiga. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne nesa da rijiya, kada ta koma gida a zuba mata man gyaɗa.