Mahajjaci Da Annoba: Daga Amwas Zuwa Jidda

 

'Yan'uwa Musulmi, kowace shekara idan an fara shirin tafiya ƙasa mai tsarki, sai ka ji waɗansu maniyyata suna gunaguni a kan allurar rigakafi da katin shaidarta, har ma akwai masu cewa wahala ce kawai ta Turawa da aka ɗora wa baƙin Allah. To, wannan magana tana bukatar gyara, domin kuwa tsare matafiyi saboda annoba ya girmi asibitin Turawa nesa ba kusa ba.

A zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, annobar ɗa'uni ta faɗa wa ƙasar Sham. Ita ce aka sani da annobar Amwas, sunan wani ƙauye a Falasɗinu, kuma masu tarihi suna sanya ta a shekara ta 18 bayan Hijira. Umaru ya kama hanyar Sham, yana isa wani wuri da ake kira Sarag sai shugabannin runduna suka tarye shi da labarin cutar. Ya shawarci Muhajirai, suka saɓa wa juna. Ya shawarci mutanen Madina, su ma haka. Sa'an nan ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan a koma. Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma ba mai hankalin da zai zaɓi ƙeƙasasshen. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufi ya iso, ya shaida musu cewa ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke cikinta fita don gudun ta. Umaru ya gode wa Allah, ya juya. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, cutar ta zama ajalinsa, haka kuma Mu'azu ɗan Jabal.

A lura da rabin hukuncin na biyu, watau hana fita. Hana shiga kare kai ne, kowa yana gane shi. Hana fita kuwa kare waɗansu ne, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, waɗanda mai gudu zai kai wa cutar har gida.

Tarihin Hajji ya nuna abin da kan faru idan tafiya ta yi sauri fiye da cuta. Da can, ayarin raƙuma kan yi makonni a hamada, mai kwalara ya warke ko ya rasu kafin a isa gari. Da jirgin ruwa mai tururi ya zo, sai lissafi ya sake. A shekarar 1865 kwalara ta ɓarke a Makka lokacin aikin Hajji, ta kashe dubban mahajjata, waɗanda suka tsira suka shiga jirage zuwa Suwais, daga nan cutar ta isa Iskandariyya, ta ƙetara Turai. Wannan ne ya sa aka yi babban taron ƙasashe kan sha'anin lafiya a Istambul cikin 1866, daga baya aka kafa wuraren killace mahajjata a tsibirin Kamaran cikin Bahar Maliya, da kuma Ɗur a gefen Sina'i. A can Ɗur ne, cikin 1905, wani likita ya gano wani nau'in ƙwayar kwalara a gawarwakin mahajjata, aka laƙaba mata sunan wurin. Irin wannan nau'i ne ya tashi daga Indunusiya a 1961, ya ratsa Asiya, ya iso Afirka ta Yamma a 1970. Alhazanmu da suka san Jidda sun san unguwar Karantina, inda a da 'yan'uwanmu baƙar fata suka daɗe suna zama. Sunan nan ba komai ba ne illa kalmar killacewa a bakin Turawa.

Amma cutar da ta fi shafar mu a wannan babi ita ce sanƙarau. Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da masana suke kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya miƙe daga Sinigal har Habasha, inda cutar kan tashi da rani, lokacin ƙura da zafi, ta lafa da saukar damina. Abin da ya sa take da haɗari ga matafiya shi ne, mutum yana iya ɗauke da ƙwayarta a maƙogwaro alhali yana lafiya lau, yana ci yana sha, yana kuwa rarraba ta ta hanyar tari da atishawa. Sai ka haɗa irin wannan mutum da ɗaruruwa a tanti ɗaya a Mina. Bayan Hajjin 1987 sanƙarau ya bi alhazai zuwa ƙasashe da dama, daga nan Sa'udiyya ta wajabta allurarsa ga duk mai zuwa.

Dattawa ba su manta da 1996 ba. A wannan shekara sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa, kuma Kano ta ji jiki ƙwarai. Sa'udiyya ta rufe ƙofa ga maniyyatan Nijeriya. Mutanen da suka sayar da shanu da gonaki, suka yi sallama da dangi, suka koma gida da jakunkunansu. An yi ta fushi a lokacin, amma wanda ya auna abin da hukuncin Amwas zai ga ba a zo da sabon abu ba.

Bayan shekara huɗu sai cutar ta zo da wata fuska. A Hajjin 2000 da na 2001 wani nau'i da ake kira W135, wanda allurar lokacin ba ta tare shi, ya bi alhazai har Ingila da Faransa, ya kama iyalansu waɗanda ko filin jirgi ba su je ba. A 2002 wannan nau'i ya yi mummunar ɓarna a Burkina Faso. Dalili ke nan da ya sa aka koma allura mai tare nau'i huɗu, wadda ita ake yi wa maniyyata, kuma sharaɗi ne a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, domin jiki yana bukatar wannan lokaci kafin ya gina kariya. Wanda ya sayi kati a bayan fage ba a yi masa allura ba, ya yi ƙarya a ƙofar ibada, sa'an nan ya mai da kansa haɗari ga maƙwabcinsa na tanti da jikokinsa na gida. Ban ga fuskar da malami zai halatta wannan ba.

Akwai kuma abin da ya kamata hukumomin alhazai su sa a ransu. Watan Zulhajji yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Hajjin 1996 ya faɗo ne a ƙarshen Afrilu, tsakiyar lokacin sanƙarau. Tun da zagayen yana cika cikin shekara 33 ko kusa da haka, Hajjin 2029 zai sake faɗowa a Afrilu, daga baya kuma ya gangara zuwa Maris da Fabrairu. Gaskiya ne yanzu akwai makamin da babu a da: allurar da aka fara a 2010 ta kusan kawar da nau'in A, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar. Amma ɓarkewar nau'in C a Zamfara da Sakkwato cikin 2017 ta nuna cutar ba ta yi ban kwana ba.

Maganar shan inna kuwa tana da ɗaci, amma dole a faɗe ta. Da aka dakatar da rigakafi a waɗansu jihohin Arewa a 2003 zuwa 2004, ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, ta bi ta Sudan ta kai Yaman da Indunusiya a 2005, ta shanye ƙafafun 'ya'yan Musulmi a can. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar.

Mutum guda ya isa. A ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta rasa ranta a dalilin haka, aka tsayar da cutar a kan mutum 20, takwas suka mutu. A wannan shekara Sa'udiyya ta hana maniyyatan Gini da Laberiya da Saliyo, amma ta karɓi na Nijeriya. A 2015 kuma wani ɗan kasuwa ya koma Koriya ta Kudu daga ƙasashen Larabawa da cutar numfashi ta MERS, wadda ake dangantawa da raƙuma, mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu. Shi ya sa ake gargaɗin alhazai su bar zuwa garken raƙuma da shan ɗanyen nononsu, ko da kuwa ana kwaɗaitar da su.

Na korona kowa ya gani da idonsa. A 2019 mutum kusan miliyan biyu da rabi suka tsaya a Arfa. A 2020 kamar 1,000 ne kawai, dukkansu mazauna Sa'udiyya, a 2021 kuma kusan 60,000. Sai a 2022 alhazan waje suka koma.

Sauran abu ɗaya, shi ne dawowa. Al'adarmu ce idan alhaji ya sauka gida ya cika da masu barka da zuwa, ana musafaha, ana shan zamzam da moɗa ɗaya. Tarin nan da ake kira tsarabar Makka yawanci mura ce mai wucewa. Amma idan zazzaɓi mai zafi ya zo cikin mako biyu da dawowa, ko ciwon kai da sandarewar wuya, ko numfashi ya yi wuya, to, a dakatar da baƙi, a garzaya asibiti a ranar, kuma abin da za a fara gaya wa likita shi ne daga inda mara lafiyan ya dawo da ranar da ya sauka.