Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Wuyar Da Ke Cikin Koyon Jirgi Mai Saukar Ungulu

Na san babu wadda a cikinmu ba ta taɓa rugawa tsakar gida ba don ta ji rurin jirgi mai saukar ungulu. Ka ga yara sun yi cirko-cirko suna ɗaga masa hannu, kowa na cewa in ya girma shi ma sai ya tuƙa. To amma fa hangen Dala ba shiga birni ba. Sha'awa kowa na da ita, abin tambaya shi ne wa zai jure?

Bari in ba ku labarin wata budurwa da ta jure. Tolulope Arotile 'yar asalin Jihar Kogi ce, amma a Kaduna aka haife ta a shekarar 1995, a nan ta yi firamare da sakandare a makarantun sojojin sama. A 2012 ta shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke Kaduna, ta yi digiri a kan lissafi. Shekara biyar cur tana shan faretin asuba da ranar Kaduna, sai a watan Satumba na 2017 ta fito a matsayin hafsa. Kun ji fa, shekara biyar, kuma har lokacin ba ta zama matuƙiya ba! Daga nan aka tura ta Afirka ta Kudu koyon helikwafta, ta kuma je Italiya ta ƙaro horo a kan jirgin Agusta 109.

Wata za ta ce, to mene ne abin wahala, ba kamar mota ba ne? Ina! 'Yar'uwa, abin ba a nan yake ba. Hannun dama na riƙe da sandar da ke karkata jirgin gaba ko baya ko gefe. Hannun hagu na kan wata sandar da ke ɗaga shi sama ko ta sauke shi. Ƙafafu biyu kuwa suna kan matakan da ke sarrafa 'yar ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ba don ita ba da jirgin sai ya yi ta juyawa kamar katantanwa. Abin haushin, da kin taɓa ɗaya sai sauran biyun su nemi gyara. Shi ya sa darasin da ya fi sa ɗalibai gumi shi ne tsayar da jirgi cak a wuri ɗaya, 'yan ƙafafu kaɗan daga ƙasa. Jirgin ya yi ta lilo, malami ya karɓa ya daidaita, ya miƙo maka, ka sake ɓatawa. Yau haka, gobe haka. Ga kuma darasin sauka idan inji ya mutu a sama, wanda ake maimaitawa har sai hannu ya haddace. A Amurka ma doka ba ta ba mutum lasisin farko sai ya cika akalla awa 40 a sama, na ƙwararru masu aikin kuɗi kuwa awa 150.

A nan ne ake gane mai son gaske da mai wutar kara. Wanda kakin matuƙa da ɗaukar hoto suka jawo shi, kuɗin awa ɗaya da faɗan malami sun isa su kore shi. Wanda kuwa aikin kansa yake so, ko ya koma gida da hawaye, gari na wayewa za ka gan shi ya dawo.

Shi kansa jirgin da naci aka same shi. Akwai wani ɗan'uwansa da ake kira jairofilen, wanda inji ba ya juya babbar farfelarsa ta sama, iska ce ke juya ta yayin da wata farfelar ke tafiyar da shi gaba, don haka ba ya iya tsayawa cak kamar helikwafta. Wani injiniya ɗan ƙasar Sifen, Juan de la Cierva, shi ya ƙirƙiro shi. Ya ƙera na farko ya ƙi tashi, na biyu da na uku ma ba su yi ba, don jirgin na son kifewa gefe guda. Bawan Allahn nan bai yi zuciya ba, sai ya sa wa fikafikan farfelar mahaɗa mai motsi don su riƙa ɗagawa suna sauka da kansu. A watan Janairu na 1923 na huɗun ya tashi lafiya lau. Wannan dabara tasa ita masu ƙera helikwafta suka ci moriyarta daga baya. Da ya bari a na uku fa?

Mu koma kan Tolulope. Ranar 15 ga Oktoba 2019 aka maƙala mata fiffiken matuƙa a Abuja, ta zama mace ta farko a Nijeriya da ke tuƙa helikwaftan yaƙi. Shekara bakwai ke nan daga ranar da ta fara. Ba ta zauna ado ba, ta shiga fagen fama da 'yan bindiga a Jihar Neja, tana kare ƙauyawan da ba su ma san sunanta ba.

Kash! Rai baƙon duniya. Ranar 14 ga Yuli 2020 wata mota mai ja da baya ta buge ta a cikin barikin sojojin sama na Kaduna, ta rasu tana da shekara 24. Wadda sama ba ta kayar ba, a ƙasa ajali ya same ta. Wata tara kacal ta yi da fiffiken da ta yi wa wahalar shekara bakwai, amma wa zai ce ta yi asara?

Don haka iyayenmu, in 'yarku ta nuna wa jirgi yatsa ta ce tana so, kada ku yi mata dariya. Ku ce ta riƙe lissafi da kyau, ku kuma faɗa mata gaskiya cewa hanyar doguwa ce. Ke kuma ƙanwata, ranar da kika ji kamar ki ajiye abin da kika sa gaba, ki tuna ita ma sai da jirgi ya yi ta lilo a hannunta kafin ya tsaya.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.