Maganin Nawar Tsohuwar Kwamfuta

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗayanta bisa kwamfuta, na'urar nan ta fita daga sahun kayan ƙawa ta shiga sahun lalura, har ga yaron da ya tashi a Wurogauri ko wani ƙauye na ƙasar Gwandu, wanda mahaifinsa bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta na dindindin yake ƙasar Kalgo. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero tun 2006. Ga kwalejin Waziri Umaru a cikin birni: kowaccensu tana bukatar ɗalibi ya yi rajista ta intanet, ya kuma buga aikinsa na ƙarshe. Da yake kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin manomin shinkafa da gero, abin da galibi ke zuwa hannun 'ya'yanmu shi ne ta hannu, wadda ta gama hidima a ofisoshin Turai da Amurka, ta sauka kasuwar Ikeja a Legas, sannan ta hauro Arewa: irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, ƙirar 2011 zuwa 2016.

Kukan da ake yi da su guda ne, wato nawa. Mutum zai kunna ta ya zauna jira, ya buɗe takarda ta tsaya cik, har ya yanke mata hukuncin cewa ta tsufa, ko bairos ya cinye ta, ya kai ta a goge komai a sake zubawa, bayan wata biyu cuta ta dawo. A ganina wannan hukunci ne da aka yanke ba tare da tahƙiƙi ba, domin a mafi yawan lokuta furosesa, wadda ita ce ke yin lissafin, lafiyarta ƙalau, zaune take tana jiran abin da za ta yi aiki a kansa, alhali illar tana wasu gaɓoɓi biyu waɗanda ake kwancewa da sukundireba a musanya su cikin abin da bai kai sa'a guda ba.

A ƙaddara malami ne a zaurensa yana warware mas'ala. Littattafansa suna can cikin adaka a ƙuryar gida, yana da almajiri mai ɗauko masa su, yana kuma da buzu a gabansa inda yake baje waɗanda yake dubawa. In almajirin mai sanyin jiki ne, malam zai yi ta jira komai zurfin iliminsa; in kuwa buzun ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da littafi biyu, to dole duk sa'ad da ya nemi na uku a mayar da ɗaya ciki, a sake ɗauko shi in bukatarsa ta dawo. Adaka da almajiri su ne ma'ajiyar kwamfuta, buzu shi ne RAM, malam kuwa furosesa.

Ma'ajiyar da tsofaffin kwamfutocin nan ke zuwa da ita, wadda masu gyara ke kira had dis, asalinta yana komawa ga 1956, shekarar da kamfanin IBM na Amurka ya fito da ta farko, mai faya-fayai 50, wadda duk da girmanta abin da take riƙewa bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar zamanin nan ba. An yi ta ƙanƙanta ta har ta koma kamar tafin hannu, amma ƙa'idar aikinta ba ta sauya ba: faifai ne mai maganaɗisu yana juyawa galibi sau 5,400 a minti guda, da wani siririn hannu yana kai da komo a samansa, kansa na shawagi a tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duk abin da aka nema, sai hannun ya je inda yake, ya jira faifan ya juyo da shi. Jiran bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba, sai dai Windows tana neman dubban ƙananan abubuwa warwatse tun daga kunnawa, kuma tarin waɗannan jiraye-jiraye shi ne nawar da muke gani. Sannan abu mai motsi ba ya son jijjiga, ga shi kuwa ɗalibinmu ya rataya jaka ya hau kabu-kabu a hanya mai gargada, wani lokaci ma bai kashe na'urar sosai ba.

Ma'ajiyar da ake musanya had dis da ita, wato SSD, ba ta da faifai, ba ta da hannu, babu abin da ke motsi a cikinta. Jinsinta ɗaya da filash da katin waya, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙago a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980, inda ake tsare bayani ta hanyar killace ɗigon lantarki a cikin ƙananan ɗakuna na silikon. Had dis na laftof yana karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD ta irin mahaɗin SATA tana kaiwa wajen 500. Amma babbar fa'idar tana wajen nemo warwatsattsun abubuwan nan, inda takan ninka shi sau ɗari ko kusa da haka. Shi ya sa kwamfutar da ke cin minti biyu kafin ta farka take komawa farkawa cikin daƙiƙa ashirin ko talatin. Ba ta ƙara, ba ta tsoron gargada, kuma tana ɗan rage cin batir, abin da mutumin da wutarsa ke zuwa sa'ad da ta ga dama ba zai raina ba.

Batun RAM ya fi sauƙi. Giga 4 da aka saba samu ta isa a da, amma yau Windows da shafukan intanet kaɗan sun cika ta, daga nan na'ura ta koma aron wuri a cikin ma'ajiya, nawa ta hau kan nawa. Giga 8 ta wadatar da ɗalibi da malamin makaranta da mai shagon buga takardu. 16 sai ga mai zanen gini ko haɗa bidiyo. Wanda kuɗinsa bai isa duka biyu ba, shawarata ya fara da SSD, ko da mai giga 256 ce, domin a nan ne bambanci ya fi bayyana.

Akwai sharuɗɗa da ya wajaba a kiyaye kafin a fitar da kuɗi. RAM jinsi-jinsi ce: DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagar da ke gindinsu ma ba wuri ɗaya take ba, a cikin DDR3 ɗin kuma akwai DDR3L mai aiki da bolt 1.35 maimakon 1.5, kuma akwai kwamfutocin da ita kaɗai suke karɓa. Windows mai bit 32 ba ta amfana da abin da ya haura giga 4, komai aka zuba mata. SSD kuwa akwai mai inci 2.5 da ke zama daidai gurbin had dis, akwai siririya da ake kira M.2, ita ma iri biyu, SATA da NVMe. Hanya mafi aminci ita ce a karanta lambar ƙirar da ke bayan kwamfutar, ko a tafi da ita shagon gaba ɗaya a gwada a gaban mai ita. A kuma sani akwai ƙananan kwamfutoci masu araha waɗanda aka narke RAM da ma'ajiyarsu a jikin allo, waɗannan ba su da magani ta wannan hanya. Mai buɗewa da kansa ya zare caja, ya cire batir, ya taɓa ƙarfe tukuna don ya sauke lantarkin da ke taruwa a jiki, musamman da hunturu.

Abin da ya fi damuna a sha'anin nan shi ne algus da cin amana. Ana samun SSD da aka rubuta mata girman da ba ta da shi, ana samun tsohuwa da aka sake wa kwali. Akwai manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, wadda ke nuna sa'o'in da ma'ajiya ta yi tana aiki da sauran lafiyarta. Haƙƙin mai saye ne ya ce a buɗe masa ya gani, kuma mai gyara na kirki, waɗanda muna da su da yawa, ba zai ƙi ba. Tsohon had dis ɗin da aka cire kuma, ina roƙon kada a bar shi a shago a matsayin cikon ciniki, domin a cikinsa akwai hotunan iyali da takardun banki da asirran mutane, kuma gogewa ta sama-sama ba ta kawar da su. A saya masa ɗan gida mai igiyar USB, ya zama taskar ajiya ta biyu. Bukatar hakan ta haƙiƙa ce, saboda had dis kan yi kakari da ƙara kafin ajalinsa, ita kuwa SSD takan mutu farat ɗaya, kuma ceto abin da ke cikinta yana da wuya ƙwarai.

Tun da an riga an kwance bayan na'urar, mustahabbi ne a hure ƙurar da ta toshe fanka, a sabunta man da ake shafawa a kan furosesa, domin a zafin Maris da Afrilu na ƙasar Kabi, da ke haura digiri 40, furosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone.

Saura mas'ala ɗaya da sukundireba ba ya warwarewa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana sharɗanta furosesar Intel ta zuriya ta 8 zuwa sama, sharaɗin da kwamfutocin da muka ambata ba su cika ba. Ba za su daina aiki ba, amma ɓarakar tsaro da aka gano daga baya ba lalle a toshe musu ita ba, wannan kuwa hatsari ne ga mai shiga asusun banki da su. Wanda aikinsa rubutu ne da bincike da kallon darasi yana iya sa a zuba masa Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, ana kuma sabunta su a kai a kai, tare da LibreOffice mai buɗe takardun Word. Wanda sashensa a jami'a ya wajabta masa manhajar da ba ta tafiya sai bisa Windows, shi ya tambayi malaminsa tukuna kafin a taɓa masa komai.