Hayaƙi a Ɗakin Direba: Ta Ina Yake Fita, Ta Ina Yake Shiga?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai, ta ratsa Dosso, Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, tafiyar da ta kusa kilomita 900, ya san irin hidimar da motocin a-kori-kura masu shan gazuwal suke yi wa ƙasar nan. Su ke kai ma'aikatan rigakafi ƙauyuka, su ke ɗauko gero da wake ranar kasuwa, su ke kai marar lafiya gidan likita tsakar dare. Sai dai akwai wata matsala da direbobi da yawa suka ɗauka ba komai ba ce, wato warin hayaƙi a cikin ɗakin direba, wanda ake kira kabin.

Ga yadda abin yakan kasance. Direba ya taso daga Maraɗi da hantsi, lafiyarsa lau. Kafin ya kai Tasawa kansa ya soma sarawa, idanunsa na yaji, hamma ta ƙi ƙarewa. Ya tsaya ya wanke fuska, ya sha shayi, ya ji dama-dama. Da ya koma mota sai ciwon ya dawo. In wanda ke gefensa ya ce: "Baba, ba ka jin warin nan?" sai ya amsa: "Haba malam, ai motar gazuwal ta gaji haka." To, jama'a, ba ta gaji haka ba. Mota mai lafiya tana fitar da hayaƙinta can baya, nesa da hancin mutanen da ta ɗauka.

Abin da ke cikin hayaƙin

Hayaƙin gazuwal ya ƙunshi abubuwa da dama. Akwai kunkunniya, wato baƙin garin da ido ke gani. Akwai iskoki masu yaji, su ne ke sa hawaye da tari. Akwai kuma wata iska da masana ke kira monoksid na karbon, a taƙaice CO, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini, ta kama gurbin oksijen, iskar da rai ya dogara a kanta. Jini yana riƙe ta da ƙarfin da ya ninka na oksijen sau 200 ko fiye, saboda haka ko kaɗan ce, in aka daɗe ana shaƙa sai ta taru a jiki.

Gaskiya ne injin gazuwal bai kai na fetur fitar da wannan iska ba. Amma in ƙura ta toshe matatar iskar inji, ko an yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta har tana tuƙa baƙin hayaƙi, yawanta yakan ƙaru. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da gyangyaɗi. Sau da yawa akan ɗauka zafin rana ne ko masassarar cizon sauro. Abin da zai raba gardama shi ne: babu zafin jiki, ciwon yana sauƙi in an fita mota, kuma duk waɗanda ke ciki suna kuka da abu guda. Direban da ke gudun kilomita 90 a awa yana cinye mita 25 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa 4 ya isa mota ta yi mita 100 babu mai tuƙi.

Akwai kuma illar da ba ta bayyana sai bayan shekaru. A watan Yuni na 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa hayaƙin injin gazuwal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin huhu. Wanda ke wuni a cikin mota kullum, shi wannan magana ta fi shafa.

Ƙofofi biyu

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin hayaƙi ya iso hancin direba sai an sami tsaga biyu: ɗaya inda yake fita daga hanyar da aka yi masa, ɗaya kuma inda yake shiga kabin. Wanda ya toshe ɗaya ya bar ɗaya, rabin aiki ya yi. Bincike kuwa da hanci da kunne ake fara shi, kafin a ɗauki ƙarfe.

Da fari a tantance warin. Na hayaƙi yana da yaji, yana kama maƙogwaro. In warin ɗanyen gazuwal ne, to mai ne ke yoyo, galibi daga ƙananan robobin da ke mayar da rarar mai tanki. In ƙaurin baƙin mai ne, wataƙila yana ɗiga bisa ƙarfe mai zafi. In kuwa warin mai zaƙi-zaƙi ne, ruwan sanyaya inji ne. Kowanne da maganinsa, kada a haɗa su.

Sa'an nan a lura da lokacin da warin ke zuwa. In yana zuwa sa'ad da mota ke tsaye, inji na aiki, fanka a kunne, to tsagar tana wajen inji, domin kafar da fanka ke jan iska tana gindin gilashin gaba, dab da bayan murfin inji. In sai an taka mai da ƙarfi, ko ana hawan tudu da kaya, a zargi mahaɗan da ke kusa da inji, inda hayaƙi ya fi matsi. In da safe ana jin wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas wadda ke raguwa in inji ya yi zafi, alama ce ta tsaga da ƙarfe ke rufewa in ya kumbura. In kuma sai an sauke gilashi ana gudu, to daga baya ko daga ƙarƙashi iska ke janyo shi.

Inda yake fita

A tsayar da mota a fili, inda iska ke kaɗawa, ba cikin rufaffen gareji ba. A bari inji ya huce sarai. Shaidar da ake nema ita ce kunkunniya: duk inda hayaƙin gazuwal ya sami kafa, sai ya bar baƙin zane a jikin ƙarfe. A bi hanyarsa daga gaba zuwa baya, kada a yi tsallake.

Na ɗaya, ƙarfen nan mai rassa da ke manne da kan inji, wanda ke tattara hayaƙi ya zuba shi cikin bututu guda. Tsakaninsa da inji akwai wani faifai marar kauri mai toshe kafa, wanda kanikawanmu ke ce wa juwan. Yakan ƙone, kusoshin da ke ɗaure ƙarfen sukan karye, shi kansa ƙarfen yakan tsage saboda zafi da sanyi.

Na biyu, gindin bakunan da ke fesa mai cikin inji, wato injekta. Kowanne yana zaune bisa ɗan zoben jan ƙarfe. In zoben ya ci, hayaƙi yakan fito ta gefe da ƙara fus-fus, ya tara wani baƙin abu mai tauri kamar kwalta. A wasu injuna waɗannan bakuna suna ƙarƙashin murfi, sai an buɗe ake gani. A irinsu hayaƙin yakan gurɓata baƙin mai har ya kashe inji.

Na uku, ga motoci masu turbo, a duba mahaɗinsa na shiga da na fita, da siririn bututun da ke mayar da wani kashi na hayaƙi cikin inji. A duba kuma robar numfashin inji, wadda ke ɗauke tururin baƙin mai. In ta tsage ko ta cire, tururin yana watsuwa ƙarƙashin murfi.

Na huɗu, dogon bututun da ke bi ta ƙarƙashin mota. Akwai wani yanki nasa mai kama da saƙar waya, wanda aka yi don ya shanye girgiza. Yana cikin wuraren da suka fi saurin yagewa. Daga nan sai tukunyar rage ƙara, wadda tsatsa ke hudawa, da robobin da ke rataye bututun. Hanyoyinmu na jar ƙasa masu gargada suna tsinka waɗannan robobi, nauyi ya koma bisa mahaɗai har su buɗe.

Na biyar, bakin bututun. Wajibi ne ya leƙo waje daga jikin mota. In ya karye aka bar shi guntu, hayaƙi yana taruwa ƙarƙashin akwatin kaya, ya taso ta tsakaninsa da kabin.

In ido bai gano kome ba, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai tun inji na da sanyi, a tada shi. Inda kumfa ta taso, nan ne. Ko kuma wani ya danne bakin bututu da tsumma mai kauri na ƴan daƙiƙoƙi kaɗan, wani ya saurara. Tsagar za ta yi shewa. Amma a yi hattara. Mai babbar riga ko rawani ya tuɓe kafin ya sunkuya bisa inji mai aiki, kada bel ya fizge shi. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. Kada kuma a lalubi bututan mai na sababbin injuna da hannu, domin matsin da ke cikinsu ya isa ya huda fata.

Inda yake shiga

Bangon ƙarfen da ya raba inji da kabin yana da kafofi da wayoyi da sandar sitiyari ke bi, kowace da robar da ke toshe ta. Zafin ƙasarmu yana busar da roba, ta tsattsage, ta faɗi. Wani lokaci ma mai gyaran wuta ne ya cire ta don ya zura wayar rediyo, bai mayar ba. A duba su ɗaya bayan ɗaya. A duba robar gindin sandar giya, da robar da ke bakin murfin inji ta wajen gilashi, da robobin ƙofofi. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a nemi hujin tsatsa.

Dabaru biyu suna taimakawa, ba su cin ko dala. Da dare, mutum ɗaya ya haska fitilar hannu daga wajen inji da ƙarƙashin mota, wani ya zauna ciki. Inda haske ya ɓullo, hayaƙi ma zai bi. Ta biyu, bayan tafiya bisa jar ƙasa da gilasai a rufe, a duba inda ƙura ta yi zane a cikin kabin. Hanyar ƙura ita ce hanyar hayaƙi.

A sani kuma, mota in tana gudu iska takan yi juyi a bayanta, ta janyo hayaƙi ta mayar gaba. Don haka ƙaramar tagar da ke bayan direba ba abar buɗewa ba ce in ana jin wari. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne fasinjojin baya, in an rufe su da tamfol aka bar ƙarshensa kaɗai a buɗe: hayaƙi ya shiga, ba shi da mafita. A buɗe kafa ta gaba ko ta gefe, iska ta ratsa. Sau da yawa mata da ƙananan yara ke zaune nan, yaran kuwa, tare da masu ciki da masu ciwon zuciya, su ne wannan iska ta fi saurin kayarwa.

Gyara na gaskiya

Fesa turare ba gyara ba ne. Ɓoye gargaɗi ne kawai. Maɓallin da ke hana iskar waje shiga yakan rage wari har a isa gareji, amma in hujin a ƙasan kabin yake, ba ya hana kome. Naɗe bututu da gwangwani da waya dabarar daji ce, ta kwana ɗaya. Juwan da zoben jan ƙarfe, in an kwance su, sababbi ake sawa, ba a mayar da tsofaffi. Ƙarfen nan mai rassa, in ya tsage, walda ba kasafai take riƙe shi ba. Canji ya fi. Araha ba ta ado. Bayan gyara a wanke kunkunniyar da ta taru, a sake dubawa bayan mako guda: in baƙin zane ya dawo, aiki bai ƙare ba.

In wani ya fara jiri ko amai a hanya, a tsaya nan take, a kashe inji, a fitar da kowa zuwa inuwa mai iska. Wanda ya suma ko ya rikice, a gaggauta kai shi gidan likita a wata motar, in da hali, a gaya wa ma'aikatan lafiya cewa hayaƙi ya shaƙa, domin maganinsa oksijen ne. Madara ko shayi ba sa fitar da wannan iska daga jini. Kada kuma direba ya kwana cikin mota da inji a kunne, ko don sanyin na'ura lokacin bazara, ko don ɗumi lokacin ɗari. Akwai ƴar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji iskar CO. Ajiye ta a kabin yana da amfani, amma ba ta maye gurbin gyara.

Kira ga shugabannin ma'aikatu da masu motoci

Sau da yawa direba yakan yi shiru don gudun kada a ce ya cika ƙorafi, ko a hana shi tafiya. Ya kamata mai kula da motocin ma'aikata ya ɗauki maganar warin hayaƙi kamar maganar birki: a rubuta ta a littafin mota, kada motar ta fita sai an duba. A duk lokacin canjin baƙin mai, a ƙara minti goma a bi bututun hayaƙi daga kan inji har bakinsa, a kakkaɓe matatar iska ko a canza ta.

Kai kuma ɗan'uwa direba, sabo turken wawa ne. In hancinka ya daina jin warin, ba hayaƙin ne ya tafi ba, hancin ne ya gaji. Tambayi wanda ya shigo motarka yau abin da ya ji, ka kuma gaskata shi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.